Kundin Aikin Ƙafar Gaba: MGB Ƙirar 1972

Asabar, 4 ga Janairu

Motar MGB ce marar rufi, ƙirar 1972, mai bambar ƙarfe da rim inci 14. Ciwonta uku ne. Idan ta faɗa rami, ana jin ƙwas daga gaban dama. Daga wajen gudun kilomita 80 sitiyari yakan fara rawa a hannu. Sannan gefen ciki na tayar dama ya cinye ƙurmus, na waje kuwa zanensa na nan. Yau ba a kwance ko noti ɗaya ba, dubawa da awo kawai aka yi.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin irin wannan mota ba: an ƙera MGB a Abingdon da ke Ingila daga 1962 zuwa 1980, amma tsarin ƙafarta ya girme ta, domin asalinsa na MG Y ne na 1947, wanda Alec Issigonis yake cikin waɗanda suka zana shi. Babu boljoyin a jikinta ko ɗaya ban da na kan tayarod, wato sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya. A ƙasa akwai hannu biyu da faranti a tsakaninsu, sifirin yana zaune a kan farantin. A sama babu hannu na musamman: shokazoba ce irin ta Armstrong mai liba, kuma libar ita ce hannun sama. Tsakanin sama da ƙasa akwai sandar ƙarfe a tsaye da ake kira kimfin, gidan aksul yana juyawa a jikinsa kan bushin tagulla biyu. Ma'ana, idan shokazoba ta yi wasa, ba tsalle kaɗai motar za ta yi ba, tsayuwar taya ma ta lalace.

An sa jak ƙarƙashin farantin sifirin, an kama taya sama da ƙasa an jijjiga. Dama tana wasa sosai, hagu kaɗan. Aka taka birki aka sake jijjigawa. Wasan hagu ya ɓace, wato na boris ne. Na dama ko gezau, wato kimfin ne ko mahaɗinsa na ƙasa. Wannan gwajin minti biyu yake ci, kuma shi ke raba mutum da sayen kayan da ba ya bukata.

Tsayin mota daga tsakiyar hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kai, zuwa ƙasan farin ƙarfen adon gefe: hagu santimita 35.5, dama 34.3. Da zare aka auna tsayuwar tayoyi, aka tarar gabansu ya buɗe waje da milimita 3, alhali ciki ya kamata su ɗan kalla. An kasa kuɗin da aka ware wa aikin gida goma, da shi za a riƙa lissafi.

Lahadi, 5 ga Janairu

Wanki da buroshin waya. An fesa man sassauta tsatsa a kan kowane noti. Duk notocin na inci ne, sifanar milimita ba ta da aiki a nan sai dai ta cinye musu kai.

Asabar, 11 ga Janairu

An ɗora motar a kan matokarai biyu na ƙarfe ƙarƙashin dogayen ƙarafan bodi, an sa wa tayoyin baya waji. Dole a ɗaga ta sosai, domin hannun ƙasa yana bukatar fili ya sauka har sifirin ya saki.

An fara da hagu. An kwance kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, an rataye ta da waya, ba a bar ta tana lilo a jikin tiyon birki ba. An cire hular hob, da kotafin mai hana noti kwancewa, da babban noti mai inci 1 1/8, hob ya fito tare da faifan birki. A nan sai an buɗe ido: tsakanin boris na waje da bututun da ke raba boris biyun akwai siraran washa da ake kira shim, suna manne da giris, cikin sauƙi za su bi tsumma su tafi shara. An ɗaure na kowane gefe da waya an rubuta. An fitar da kan tayarod da abin matsewa, ba da guduma ba, aka kwance sandar sitabilaiza.

Sai sifirin, wanda shi ne wurin da wannan aiki yake iya karya mutum. An zura sarƙa ta cikinsa an ɗaure da hannun ƙasa. An sa jak mai taya ƙarƙashin faranti, an ɗaga har libar shokazoba ta rabu da robar da take kwanciya a kai. An sassauta notocin ciki na hannun ƙasa, an sassauta ƙusar da ta haɗe rassan libar biyu don su buɗe, sannan aka fitar da ƙusar sama. Gidan aksul ya kwanto waje, aka riƙa sauke jak a hankali har sifirin ya miƙe ya fita da hannu. Nauyin inji ne ke danne motar ana wannan aiki. Motar da aka cire wa inji ba a yi mata haka, sai da dogayen ƙusoshi masu zare a maimakon na faranti.

Hagu gaba ɗaya awa uku da rabi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Dama ta ƙi. Sifirin ya fita lafiya, amma ƙusar ƙasa, wadda ta ratsa gindin kimfin da bakunan hannaye biyu, notinta ya kwance ita kuwa ta ƙi motsi gaba ko baya. Tana juyawa, amma ba ta fita.

Yadda wurin yake shi ne: a cikin idon kimfin akwai bushi, a cikin bushi akwai bututun ƙarfe, ƙusar tana ratsa bututun ta matse shi tsakanin hannaye biyu. Bututun da ƙusar ba sa motsi, bushi ne ke juyawa a kansu da taimakon giris. Idan aka yi shekaru ba a ba bakin giris na ƙasa haƙƙinsa ba, tsatsa takan haɗe bututun da bushi, ta haɗe shi da ƙusar, su zama abu guda. To motsin dole ya nemi wani wuri, sai ƙusar ta koma juyawa a cikin ramukan hannaye, tana cin su a hankali. Ƙwas ɗin nan da ake ji daga nan yake fitowa.

An gwada guduma da sandar tagulla, a banza. An gwada wuta kaɗan bayan an kawar da tiyon birki, robobin da ke wurin suka narke, ƙusar tana nan daram. Ba a matsa da wutar ba, domin hannun sitiyari yana kusa, kuma ƙarfen da ke riƙe da ran mutum ba a gasa shi ya yi ja. Daga ƙarshe aka kwance faranti, aka buɗa hannayen, aka zura zarto tsakanin hannu da kimfin ta kowane gefe aka yanke ƙusar gida uku. Ruwan zarto huɗu suka tafi, domin washoshin da ke wurin masu tauri ne, sai an kauce musu. Awa biyar a kan ƙusa ɗaya.

Ramukan hannayen dama sun zama kamar ƙwai, tsawonsu ya fi kaurin ƙusar da sama da milimita ɗaya. Akwai masu cike irin wannan da walda su sake hudawa. Ban ga hikimar hakan ba: hannun ba shi da tsada, kuma ramin da aka huda ya kauce da milimita ɗaya ya isa ya karkatar da taya. Za a sayi sababbi guda huɗu, na hagu ma su tafi, kodayake nasu bai kai haka ba.

Laraba, 15 ga Janairu

An baje komai a kan benci an wanke da kananzir. Kimfin na dama ya yi gaɓa a inda bushin ƙasa yake zama, farce yana kama ta, ga ramukan tsatsa. Na hagu ya fi dama-dama, amma shi ma ya sirance. Siraran bututun nan biyu masu sifirin a ciki, waɗanda ke hana ƙura shiga tsakanin bushin sama da na ƙasa, na dama ya ɓarke, ruwa ya daɗe yana shiga. Robobin ciki na hannun ƙasa, guda takwas, sun tsattsage sun zazzago. Sifirin na dama ya fi na hagu gajarta da milimita 9, wanda ya bayyana karkatar da aka auna. An fesa wa gindin aksul biyun jan ruwan gano tsaga, babu tsaga. Da an samu, da sai dai a jefar.

An ɗaure shokazoba a bayis a tsaye yadda take zama a mota, an ja libar sama da ƙasa har ƙarshe. Ta hagu tana da nauyi iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kuma a bushe take. Ta dama tana yoyo ta gindin shaf, ga wani wuri a tsakiya, kamar faɗin yatsa biyu, da libar take wucewa fayau ba abin da ya tare ta. Wannan wurin shi ne daidai inda motar take zama a kan hanya, shi ya sa sitiyari ke rawa.

Kayan da aka yi oda: kimfin biyu da bushinsu da washoshinsu, kayan mahaɗin ƙasa na gefe biyu, robobin sama huɗu masu siffar mazurari, hannaye huɗu, bushin ciki huɗu irin na MGB mai injin V8, sifirin biyu, shokazoba biyu gyararru a kan musaya da tsofaffin, boris da sil na hob biyu, fakitin shim, kan tayarod biyu, robar rak ɗin sitiyari biyu, da sababbin notoci da kotafin. Shokazoba da sifirin bibbiyu ake sauya su ko da ɗaya ce ta mutu. Kayan gaba ɗaya sun cinye kashi bakwai da rabi cikin goman, shokazoba kaɗai ta ɗauki uku. Hannayen ba sa cikin lissafin farko.

18 da 19 ga Janairu

Kankare tsatsa da fenti: faranti biyu, gidajen aksul, sandar sitabilaiza, da babban ƙarfen gicciye a inda hannu ya kai. Ba a sauke ƙarfen gicciyen ba. Robobinsa ba su mutu ba, kuma sauke shi yana nufin kwance rak da sake daidaita shi da sandar sitiyari, aikin da bai zama dole ba yanzu. An dai gwada notocinsa huɗu, suna kan Nm 75 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne).

Asabar, 25 ga Janairu

Ranar bushin kimfin, kuma an yi asara. Bushin sama ya fi na ƙasa ƙanƙanta, kowanne yana da rami da dole ya dace da bakin giris, da kuma zanen da giris yake bi. Kafin a fitar da tsofaffin an yi wa gidan alama da fenti don a san yadda suke zaune. Duk da haka, da ake danna bushin ƙasa na dama da bayis, ya ɗan murɗe yana shiga, ramin ya kauce da kusan rabinsa. An gane ne da aka zura siririyar waya ta bakin giris ta ƙi wucewa. Akwai jarabar a bar shi, tunda rabin rami ma giris zai bi. Amma rashin giris ne ya kashe na farko, saboda haka aka buge shi ya fita, kuma bushin da aka buge ba ya komawa. Sai jiran wani.

Dabarar da ta yi aiki a hagu: a ja layi a jikin bushin daga ramin zuwa baki, a ja wani a jikin gidan, a fara danna milimita biyu ko uku kawai, a tsaya a duba, sannan a ci gaba. An yi amfani da doguwar ƙusa mai zare da manyan washa maimakon bayis, ta fi jan shi a miƙe.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Bushin ya iso, ya shiga daidai. Sababbin bushin da gangan ake yin su a matse, kimfin ba ya shiga sai an rarake su da rima. Ba kowace rima ba: dole ta zama doguwa mai hawa biyu, wadda ke yanka na sama da na ƙasa a kan layi ɗaya. Wanda ya rarake kowanne daban da rima mai buɗewa zai sami ramuka biyu masu kyau da ba sa kallon juna, kimfin ya shiga ya cije, sitiyari ya ƙi komowa tsakiya bayan kwana. An yi hayar rimar, rabin kashi ɗaya. Mai mota ɗaya ba shi da dalilin sayenta, kai, karɓar gidan aksul da aka riga aka haɗa a kan musaya ma ya fi masa sauƙi.

Ana juya ta gefe ɗaya kawai, yadda hannun agogo yake tafiya, har wajen fitar da ita. Juya ta baya yana dakushe baki ya karce tagulla. Mai isasshe, ba dannawa, a bar ta ta ci da kanta. Bayan nan an wanke garin tagullar sau biyu, har cikin bakunan giris. Kimfin ya shiga da turin babban yatsa, yana juyawa sumul, ba ya girgiza.

An haɗa: zoben roba a gindi, bututun ƙura, gidan aksul, sannan a sama washar tagulla tsakanin na ƙarfe biyu, sai kan da ke kama libar shokazoba. Washoshin ƙarfen kauri-kauri ne, da su ake daidaita wasan sama da ƙasa, wanda bai kamata ya wuce inci 0.002 ba, wato milimita 0.05, tare da cewa gidan yana juyawa ba cijewa. Hagu ya dace tun karon farko. Dama ya cije da aka ɗaure, aka koma washa mafi siranta. Kafin a ɗaure notin sama zuwa Nm 81 sai an tabbata ramin kan ya yi layi ɗaya da idon ƙasa. An zura sanda a kowanne an hanga daga sama, idan sun yi daidai da juna shi ke nan.

Mahaɗin ƙasa shi ma yana da nasa wasan, inci 0.008 zuwa 0.013 gefe da gefe, wanda ke fitowa daga yadda bututun ya ɗan fi idon kimfin tsawo. An samu 0.010 a hagu, 0.011 a dama. An shafa wa ƙusar man tagulla mai hana cijewa kafin ta shiga bututun.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

An danna bushin V8 cikin hannaye da ruwan sabulu, ba giris ba, domin giris na fetur yana ruɓar da roba. Na asali biyu-biyu ne a kowane hannu, na V8 guda ne da bututun ƙarfe a ciki, ya fi ƙarko. An goge shaf ɗin da suke hawa har ya yi sheƙi. Na roba mai tauri irin na zamani suna nan a kasuwa, amma suna ƙara jin hanya a sitiyari, kuma sukan yi ƙara idan man silikon ɗinsu ya bushe.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Shokazoba sun iso, fenti sai ƙyalli. An ɗaure su a bayis kamar tsofaffin, an ja liba kamar sau ashirin don iska ta fita. Ɗaya ta yi nauyi yadda ake so. Ɗayar har bayan sau hamsin tana da wuri mai laushi, kuma da aka bar ta ta kwana a kan farar takarda, da safe an ga ɗigon mai ƙarƙashin shaf. Ga alama wanke ta aka yi, aka zuba mai, aka shafa fenti. An mayar wa dillalin, ya karɓa, amma kuɗin aikawa ya hau kan aikin, kuma sati biyu sun tafi. Da an ɗaura ta ba a gwada ba, da sai an sake sauke sifirin.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An haɗa hagu. Ƙusoshin shokazoba huɗu Nm 60, bayan an share zarensu, domin sukan sassauta su haifar da ƙarar da ake ɗora wa kimfin laifinta. Na faranti Nm 30. Ƙafar sitabilaiza ita ce ta huɗun ƙusoshin farantin, kuma ta hagu daban ta dama daban.

Wajen mayar da sifirin an sami 'yar matsala: sabo ya fi tsoho ƙarfi, jak ya fara ɗaga motar daga kan matokari saura kamar santimita biyu ƙusar sama ta shiga. An sauke, an zagaya sarƙa daga ƙarƙashin jak zuwa saman ƙarfen gicciye, ta yadda jak yake matse sifirin maimakon ɗaga mota. Ya shiga. Notocin da ke matse roba, wato na ciki da na sama, an bar su sako-sako da gangan.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Robobin rak da kawunan tayarod. An ƙirga juyin tsofaffin, an mayar da sababbin da adadi ɗaya a kowane gefe. Rak ɗin man giya mai lamba 90 yake sha, lita 0.2.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Madadin shokazobar ta zo, ta ci jarrabawar bayis da ta takarda, nauyinta ya yi daidai da na 'yar'uwarta. An haɗa dama cikin awa biyu.

Sai boris, wanda tsarinsa ya sha bamban da na yawancin motoci. A wasu motocin ana ɗaure noti ne a ɗan sassauta. A nan ana ɗaure shi tamau, daga Nm 54 a ci gaba har ramin kotafin ya bayyana, kada a wuce 95, kuma shim ne ke ba da wasan, inci 0.002 zuwa 0.004. Bututun da shim idan sun matsu suna ƙara wa aksul ƙarfi, shi ya sa cire su a yi irin na sauran motoci ba dabara ba ce. Shim kauri uku ne: 0.003, 0.005 da 0.010. Suna zama tsakanin bututun da boris na waje.

A bushe ake awon, da ɗan mai kawai, domin giris yana ɓoye wasa. An zuba shim fiye da kima, 0.030, aka ɗaure, aka kafa agogon awo. Hagu ya nuna 0.015, aka rage zuwa 0.018, saura 0.003. Dama ya nuna 0.010, aka rage zuwa 0.023. Sannan aka kwance, aka cusa giris cikin boris, aka sa sil leɓensa yana kallon ciki, aka ɗaure. Kalifa Nm 58 da sabuwar washa mai lanƙwasawa. An wanke faifan birki tas, an taka feda har ta yi tauri. Bakunan giris uku a kowane gefe, an buga musu har sabo ya ɓullo ta gefen washoshi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

An sauke motar a kan tayoyinta, an tura ta gaba da baya, an danna gaban sau da yawa, sannan aka hau da ita kan katakai aka ɗaure notocin roba tana ɗauke da nauyinta. Dalili: bushin roba ba ya zamewa, murɗewa yake yi. Idan an ɗaure shi ƙafa tana lilo, da zarar mota ta sauka ya riga ya murɗe, zai ɗaga gaban kuma ya yage cikin 'yan watanni. Tsayi yanzu: hagu 36.4, dama 36.2. Zai ɗan sauka.

Ba a daidaita kwanciyar taya ko ta kimfin a wannan mota, yadda aka ƙera ta haka take. Abin da ake gyarawa kawai shi ne kallon tayoyi, kuma littafin masana'anta ya ce su kalli ciki da inci 1/16 zuwa 3/32, wato kamar milimita 1.5 zuwa 2.3. An ja zare biyu a gefen mota, tazararsu ɗaya gaba da baya, ana auna bakin rim ta gaba da ta baya. Rak yana gaban aksul, don haka gajarta tayarod ne ke jawo gaban tayoyi ciki. Rubu'in juyi a kowane gefe ya sauya awon da kusan milimita 2. Sai an sassauta ƙaramin maɗaurin robar rak, in ba haka ba ta murɗe. An tsaya a milimita 2, aka tura motar rabin juyin taya aka sake aunawa, saboda rim mai shekara hamsin ba ya rasa ɗan lanƙwasa. An samu 1.8.

Asabar, 1 ga Maris

Sababbin tayoyin gaba da balansin, kashi ɗaya da rabi. Gwaji na kilomita 40. Rawar sitiyari ta tafi, motar tana komowa tsakiya da kanta bayan kwana. Amma a hanyar dawowa wani ɗan ƙwas ya sake ɓullowa daga dama.

An ɗaga, an jijjiga, akwai wasa. An taka birki, ya ɓace. Ba kimfin ba ne ke nan. Agogon awo ya nuna 0.008 a hob ɗin da aka bari a 0.003. Da aka bi sawu, an gano matakin da aka tsallake: kafin a fara awo, ana haɗa hob ba shim ko ɗaya, a ɗaure ana juya shi har boris ya cije, don zobensa na waje ya zauna daram a mazauninsa. An yi wa hagu haka, ba a yi wa dama ba. Hanya ce ta ƙarasa zaunar da zoben, wasan ya ƙaru da 0.005. An kwance, an wanke giris, an yi matakin, an musanya shim ɗaya na 0.010 da na 0.005, jimla 0.018. Wasa ya koma 0.003. Sabon kotafin. Boris bai ji ciwo ba.

Lahadi, 2 ga Maris

Kilomita 60, shiru. An taɓa hob biyu da hannu bayan tafiya, ɗumi kawai. Sitiyari ya ɗan karkata hagu a miƙaƙƙiyar hanya. Ba a cire shi an sake dasawa ba, an gajarta tayarod ɗaya an tsawaita ɗayan da adadi ɗaya, aka sake jan zare.

Asabar, 15 ga Maris

Bayan kilomita 300 an bi duk notoci da sifanar awo. Ƙusoshin shokazoba biyu na dama sun ɗan karɓi ɗauri, sauran ba su motsa ba. Man shokazoba yana daidai ƙasan ramin zubawa, babu yoyo. Tsayi ya zauna a 35.9 da 35.8. Kallon tayoyi ya ragu zuwa milimita 1.2 saboda saukar da gaban ya yi, an mayar da shi 2.

Kuɗi: kashi goma sha ɗaya da rabi aka kashe a maimakon goma. Ƙarin ya fito daga hannaye, bushin da aka lalata, kuɗin aikawa da ruwan zarto. Lokaci kusan awa 46, biyar daga ciki na ƙusa ɗaya ne.

Giris daga yanzu duk mil 3,000, wato kusan kilomita 5,000, kuma a ɗaga gaban tukuna don nauyi ya sauka daga kan washar tagulla giris ya sami hanya. Sitiyari yana da nauyi wajen fakin, amma wannan halin motar ne: kimfin ya kwanta baya da digiri 7, lissafin da aka yi don tayoyin zamanin da. Ana sayar da wajin rage shi, sai dai sai an sauke ƙarfen gicciye, don haka zai jira ranar sauya robobinsa. Yanzu da gaba ya yi tsit, an fara jin wata ƙara daga bayan hagu idan an saki totur. Sati mai zuwa za a duba robobin sifirin baya da ƙafar shokazobar wannan gefen.